An hana shi zama a teburin karta, sai ga makinsa ma an riƙe: haka dokar take?

DanFagge_Vegas: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kafin malamai su taso mini, ni ba na caca, tambaya ce kawai ta kawo ni. Akwai wani abokin aikina ɗan Filifin, tare muke tuƙi. Shekara uku ke nan yana buga kartar nan ta blackjack, wato ashirin da ɗaya, a wani babban gidan caca a nan Las Vegas. Yana da katinsu na memba har ya hau mataki: ɗakin otal kyauta dare biyu ko uku a wata, ba ya biyan kuɗin ajiye mota, wani lokaci har abinci. Ranar Asabar yana tsaka da wasa wani mai kwat ya tsaya a bayansa, ya kira shi da cikakken sunansa, ya ce masa cikin ladabi wasansa ya fi ƙarfinsu, daga yau ya buga duk abin da ya ga dama a gidan amma ban da wannan. Bai musa ba, don dama ƙirga karta yake yi. Bayan kwana huɗu ya buɗe manhajarsu, tayin ɗaki babu ko ɗaya, matar da aka haɗa shi da ita tana kula da harkokinsa ta daina ɗaga waya, makin da ya tara a katin saboda wasan da yake yi, na kusan dala 600, kuma an ce an dakatar. To ni abin da ban gane ba, tunda an ce ƙirga karta ba laifi ba ne a doka, da wane dalili za su riƙe masa makin da ya riga ya tara?

Malam_Sadisu: Wa alaikumus salam. Ƙanina, amsar tana Suratul Ma'ida aya ta 90. Giya da caca ƙazanta ne daga aikin Shaiɗan. Da makin da ɗakin da abincin duk daga tukunya ɗaya aka ɗebo su. Ka ba shi shawara ya gode wa Allah da aka kore shi.

Hajiya_Bronx: Malam gaskiya ka faɗa, babu mai ja. Amma mutumin ba Musulmi ba ne, kuma yaranmu da yawa a garin nan suke neman abinci, wasu tasi, wasu gyaran ɗakuna a otal ɗin. Gara su san yadda tarkon yake. A bar masu sani su yi bayani.

Tsohon_Dila: Ni na yi shekara shida ina raba karta kafin Allah ya shirye ni na koma tuƙin babbar mota, don haka bari in faɗi abin da na gani da idona. DanFagge, kuskuren yana wurin da ka ɗauki makin nan kamar albashi ne da mutum ya yi wa aiki. Gyara ce. Ka san in ka sayi kwano biyar na gero a Dawanau mai awo zai ƙara maka tafi ɗaya. Ba don yana ƙaunarka ba, ya riga ya ci ribarsa a kwano biyar ɗin.

Ga yadda ake yi. Da ka zauna ka miƙa katinka, mai lura da teburori zai shigar da kai a kwamfuta. Lokaci lokaci yana leƙowa ya rubuta nawa kake zubawa a hannu ɗaya da tsawon zamanka. A ce dala 100 kake sawa, ana raba hannu 70 a awa, ka zauna awa 4. Kuɗin da suka ratsa ta gabanka dala 28,000 ke nan. A ce gidan ya ƙiyasta kashi 1 cikin ɗari nasa ne, to a littafinsu ka yi asarar dala 280, ko da kuwa ranar ka tashi da riba. Daga cikin wannan 280 ɗin ake yanko maka wani abu, galibi tsakanin kashi 20 zuwa 40, a maido maka a matsayin ɗaki ko abinci. Da kuɗinka ake yi maka kyautar.

To yanzu sai aka gano cewa abokinka ba mai asara ba ne, lissafin ya juya, shi ne ke da ɗan rinjaye a kan gidan. Gyarar me za a ba shi? A wurinsu shekara uku yana karɓar gyara bai sayi gero ba.

Auwal_Houston: Dila sarkin wayo! Sunan ma ya dace. Amma don Allah wani ya yi mana bayanin ƙirgar nan. Haddace karta 52 ake yi?

Injiniya_Bashir: Ba hadda ba ce Auwal, ƙari da ragi ne kamar na ɗan firamare. Hanyar da aka fi sani: duk kartar da ta fito daga 2 zuwa 6 ka ƙara ɗaya a ranka, 7 da 8 da 9 ba komai, goma da masu hoto da as ka rage ɗaya. In lissafin ya hau sama, ma'ana ƙananan karta sun fita, manya sun rage a akwatin, kuma manyan su ne ke taimakon ɗan wasa. Sai ka raba lissafin da yawan ƙunshin karta (mai 52 kowanne) da ya rage, don yanzu akasari shida ko takwas ake haɗawa. In ya yi kyau ka ƙara kuɗi, in ya lalace ka rage. Wani malamin lissafi, Edward Thorp, shi ya fara tabbatar da haka da kwamfuta, ya fitar da littafi a 1962. Wanda ya iya wasan sosai ba tare da ƙirga ba, gidan ya fi shi da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Mai ƙirga yakan juya abin ya koma wajensa da kamar kashi 1. Iyakarta ke nan. Ba tsafi, ba sata.

Auwal_Houston: Kashi ɗaya tal? A kan wannan ake korar mutum? Ni na zaci buhu yake kwasa.

Tsohon_Dila: Ai ba ribar ke tona shi ba, hannunsa ne. Mutum yana ta sa dala 25, dala 25, kwatsam ya koma 300, da an sake cakuɗa karta ya dawo 25. In ya yi haka sau uku ni kaina da nake tsaye na gane, balle na sama masu kyamara. Sai ka ji wayar da ke bayan tebur ta yi ƙara, mai lura ya ɗauka yana magana yana kallon wani waje daban. Da na ga haka na san wani zai tashi.

Zainab_Lauya: Bari in raba maganar gida biyu, don ana cakuɗa su. Na farko, ƙirga da ka ba laifi ba ne a Nevada. Abin da doka ta haramta tun 1985 shi ne amfani da na'ura. Na biyu, gidan caca wurin kasuwanci ne mai zaman kansa, kuma a Nevada yana da ikon ya ce ba ya son cinikinka, muddin ba don launin fata ko addini ko makamancin haka ba. Sannan korar ma iri biyu ce. Akwai wadda aka yi wa abokin DanFagge, a hana ka wasa ɗaya. Akwai kuma wadda za a karanta maka dokar shiga gidan mutane ba izini, a ce kada ka sake tako ƙafarka. Wannan in ka koma ana iya kama ka, kuma sau da yawa takan haɗa da duk otal ɗin kamfanin, ba wanda aka kore ka kaɗai ba.

Batun maki kuwa, sai ya koma ya karanta sharuɗɗan da ya danna ya amince da su ranar da ya karɓi kati. Kusan dukkansu sun rubuta cewa makin ba kuɗi ba ne, mallakar kamfani ne, kuma suna iya rufe asusun mutum a duk lokacin da suka ga dama. Wannan ba shawarar lauya nake ba shi ba, hira muke yi, amma a ganina ƙafarsa ba ta da ƙarfi.

DanFagge_Vegas: Anti Zainab na gode. To kuɗin da ya ci a tebur fa ranar? Ya ce har yanzu akwai 'yan kwalayen nan nasu da ake wasa da su a madadin kuɗi a aljihunsa, yana tsoron zuwa canji.

Zainab_Lauya: Wannan daban. Abin da ya ci a wasa ba tare da maguɗi ba haƙƙinsa ne, dole su canja masa. In suka ƙi, akwai hukumar kula da caca ta jihar Nevada, ita ke shiga tsakani, kuma in rigimar ta kai dala 500 gidan da kansa doka ta ce ya sanar da hukumar. Ka ga bambancin ke nan: kwalayen kuɗi ne, makin alkawari ne na mai gida.

Sani_AC: Ku na Vegas ku ke da wannan matsalar. A nan Atlantic City ba a isa a kori mai ƙirga ba. Wani Ken Uston ya kai gidan Resorts International ƙara, Kotun Ƙolin New Jersey ta ba shi gaskiya a 1982, ta ce hukumar caca ce kaɗai ke da ikon tsara dokokin wasan. Ya dawo nan ya huta.

Tsohon_Dila: Sani kada ka tura bawan Allah ya ɓata kuɗin jirgi. E, ba za su kore shi ba, amma za su sa ya kori kansa. Da ya ƙara kuɗi a ce wa dila, wato mai raba karta, ya sake cakuɗawa, lissafinsa ya rushe. Ko a yanke akwatin a tsakiya, rabin kartar ba za ta fito ba. Ko a rage masa iyakar abin da zai iya sawa shi kaɗai, na kusa da shi yana zuba dubu. Kuma hukuncin Uston bai ce dole a ba ka ɗaki kyauta ba. Kujera kotu ta ba shi, ba gado ba.

Sani_AC: Wannan kuma haka ne, ban ja ba.

Zainab_Lauya: A ƙara da cewa ba kowace jiha ta bi New Jersey ba. Kotun Ƙolin Indiana a 2010 gidan caca ta ba gaskiya a kan wani mai ƙirga.

Maman_Iman: Ni duk wannan turancin doka bai gamsar da ni ba. Zalunci sunansa zalunci. Lokacin da yake asara ai ba su ce masa wasansa ya yi rauni ya je gida ba, ɗaki suke ba shi ya ƙara kwana. Sai da ya fara ci ne ya zama ɗan iska? Kun gayyaci mutum kokawa, kun ce sharaɗin shi ne kullum shi za a kayar. In za ku hana shi na gaba ku hana, amma wanda ya tara a baya ai ya riga ya zama nasa.

Injiniya_Bashir: Maman Iman, ina tare da ke a rabin farko. A rabi na biyu kuwa Tsohon Dila ya riga ya amsa. An ba shi makin ne bisa zaton yana asarar da ba ya yi. Kuma masu ƙirgar su ma sun san haka, ɗakin da abincin suna cikin lissafin ribarsu. Wani ma a tebur da ƙyar yake maida uwar kuɗi, kyautar ce ribar tasa. Kowa na wa kowa wayo ne.

Maman_Iman: To ai shi wayonsa da ƙwaƙwalwarsa ya yi. Su kuma da ƙaramin rubutun da ba mai karantawa.

Garba_Tasi: Bari in ba ku labari. Na taɓa ɗauko wani dattijo Bature daga bakin wani otal wajen ƙarfe biyun dare, da jakarsa ɗaya da rigar sanyi a hannu, matarsa tana biye tana ta faɗa. Ashe ɗakin kyauta aka ba su na dare huɗu, a dare na biyu aka tashe shi daga tebur, masu gadi suka raka su har ɗaki suka tsaya a ƙofa suka haɗa kaya. Matar ko takalminta ɗaya a leda ta riƙo. Muka yi ta zagaye muna neman masauki, ga shi ƙarshen mako ne, gari ya cika. Abin da ya fi ba ni dariya, duk tsawon hanyar ba korar ke cin mutumin ba, cewa yake saura maki kaɗan ya hau matakin sama. Ya ba ni dala 40 bayan kuɗin mita, shi ya sa ban manta shi ba.

Auwal_Houston: Wai me ke cikin matakin nan ne da har dattijo zai yi kuka a kai?

Hadiza_Henderson: Ina aiki a wajen karɓar baƙi a otal, kullum da su nake. Kowane kamfani da nasa tsani. Caesars Rewards suna da Gold, Platinum, Diamond, sai Seven Stars a can ƙoli. MGM Rewards kuma Sapphire, Pearl, Gold, Platinum, Noir. In ka hau, ana ɗauke maka kuɗin da ake ɗora wa kowane ɗaki bayan farashinsa, wanda a manyan otal ya kai wajen dala 50 a dare. Ga ajiye mota, wanda da kyauta ne a garin nan kafin a fara karɓar kuɗi a 2016. Ga layi na daban. Wallahi layin nan ya fi komai shiga ran mutane, ka ga mutum ya wuce talakawa yana ɗaga kati kamar ya ci zaɓe. Amma ku duba farashin: Diamond maki 15,000 ne a shekara, kuma a injin caca sai ka juya dala 5 ake ba ka maki ɗaya. In ba a haɗa da ƙarin da sukan yi ba, dala 75,000 ke nan ta ratsa injin. Su masu injin su ne 'yan lelen gida, don injin yakan riƙe kashi 7 zuwa 10. Mai karta ko bai ƙirga ba ɗan bora ne.

Malam_Sadisu: Dala 75,000 don a tsallake layi. Inna lillahi. Da wannan kuɗin rijiyoyi nawa za a haƙa a ƙauyenmu?

Dogo_Chicago: Ni tambayata ga DanFagge, me ya kai mai ƙirga karta karɓar katin memba tun farko? Ɓarawo ne ya sa hannu a littafin baƙi. Kai da kanka ka ba su sunanka, hotonka, adireshinka, da tarihin duk hannun da ka buga.

Maman_Iman: Dogo ka janye kalmar ɓarawo. An gama cewa ba laifi ya yi ba.

Dogo_Chicago: Na janye Hajiya, misali ne ya kufce.

Tsohon_Dila: Amma maganar Dogo tana kan hanya. Su kansu masu ƙirgar sun rabu biyu a kan wannan. Wasu ba sa karɓar kati sam, in an kore su fuska kawai aka sani, bayan wata shida a wani lokacin aiki daban sai su dawo. Wasu kuma suna cewa mutumin da ke zuba dala 200 a hannu ya ƙi kati shi ne ma abin zargi, don ɗan caca na gaske ba ya ƙin kyauta. Kuma in kuɗin hannu da ka shigar ko ka fitar ya haura dala 10,000 a rana, dole ka nuna shaida, dokar gwamnatin tarayya ce. Illar katin ita ce in an sa maka alama a gida ɗaya, duk gidajen kamfanin sun gani a take, daga Vegas har Mississippi. Shi katin dama don haka aka yi shi, a san kowa da abin da yake kawowa. Kamfanin caca na Harrah's ne suka yi fice da shi tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da suka ɗauko wani malamin Harvard, Gary Loveman.

Injiniya_Bashir: Da can ma akwai kamfanin Griffin da ke tara hotunan mutane a littafi yana rarraba wa gidajen caca, mai maguɗi da mai ƙirga duk a haɗe. Wasu 'yan wasa biyu suka kai su ƙara kan ɓata suna suka yi nasara, kamfanin ya bayyana karyewa a 2005. Amma musayar bayanan ba ta mutu ba, ta koma kwamfuta ne.

Auwal_Houston: Na taɓa jin har wani ɗan fim an kora.

Hadiza_Henderson: Ben Affleck, a gidan caca na Hard Rock a Vegas, 2014. Blackjack kawai aka hana shi, irin ta abokin DanFagge. Bambancin shi ba ya jiran ɗakin kyauta.

Sani_AC: Ku bar ta masu ƙirga, wanda ya yi musu illa ta hanyar kyautar tasu shi ne Don Johnson. Tsakanin ƙarshen 2010 da 2011 ya kwashe wajen dala miliyan 15 a gidaje uku a nan garin, Tropicana da Borgata da Caesars. Lokacin kasuwa ta faɗi suna neman manyan 'yan wasa ido rufe, sai ya zauna ya yi ciniki da su: a sassauta dokokin tebur, kuma in ya yi asara mai yawa a maido masa kashi 20. Da hannunsu suka sa hannu. Gyarar ce ta fi awon yawa.

Maman_Iman: Alhamdu lillahi, ko ba komai an rama wa ɗan Filifin.

Garba_Tasi: Mai miliyoyi ne ya rama wa kansa dai Hajiya. Talaka kuwa yanzu ko teburin kirki ba ya samu. Fasinjojina kullum kukansu ke nan, ƙananan teburori an maida su shida bisa biyar. Da in ka sa dala 10 ka yi ashirin da ɗaya da karta biyu, 15 za a ba ka, yanzu 12. Wasu kuma injin cakuɗawa ne da ba ya tsayawa, ba abin da za ka ƙirga.

Injiniya_Bashir: Wannan canjin kaɗai yana ƙara wa gidan kusan kashi 1.4. Ya fi duk abin da mai ƙirga zai iya cirewa.

Hajiya_Bronx: An yi nisa. DanFagge, me ake ciki da mutumin naka?

DanFagge_Vegas: Hajiya, na karanta masa abin da Anti Zainab ta rubuta. Ya je da rana ya canja kwalayensa, ba wanda ya ce masa uffan. A teburin masu kati kuma wata ta duba kwamfuta ta ce asusun yana nan ba a rufe ba, makin ma zai iya kashewa a gidan abinci, amma an rubuta kada a ƙara masa ko ɗaya daga tebur, kuma tayin ɗaki ya tafi ke nan. Matakin nasa zai faɗo in shekara ta zagayo. Ta ce in yana so ya riƙe shi ga injina nan.

Tsohon_Dila: Ka ji ko. An buɗe masa ƙofar da aka san ba ya fita da komai.

Maman_Iman: To ashe makin nasa ne tunda sun sake shi. Zainab kin gani.

Zainab_Lauya: Sun sake shi don sun ga dama, ba don dole ba. Da irin korar dattijon Garba aka yi masa, ko ƙofar gidan abincin ba zai kai ba.

Malam_Sadisu: Ƙanina, ka ce masa ya bar musu dala 600 ɗin. Kuma in ya gayyace ka cin abincin kada ka je.

DanFagge_Vegas: Malam ai har ya gayyace ni, ranar Alhamis. Na ce masa ina azumi.

Dogo_Chicago: To yanzu dole ka yi azumin, kada ka haɗa ƙarya da kwaɗayi. Tsohon Dila, ni har yanzu ban gane raba lissafin da ƙunshin da ya rage ba. Da ido ake auna shi ko yaya?